Fashin Baƙi: Yadda Jingar Jami'a Ta Zama Hajar Kasuwa, da Faɗan da Ostireliya Ke Yi da Masu Sayar da Ita

A gona, jinga ita ce ka nuna wa mutum fili, ku yi ciniki, ya nome, ka ba shi haƙƙinsa. Ba ruwanka da ko shi ya riƙe fartanyar ko ƙanensa, muddin ciyawa ta fita. Malamanmu na jami'a sun ari kalmar sun laƙaba wa aikin da ake ba ɗalibi ya je ya bincika ya rubuto. Sai dai jingar makaranta ta saɓa wa ta gona a wuri guda. Malam ba takardar yake kwaɗayi ba, domin yana da littattafan da suka fi ta nesa ba kusa ba. Abin da yake so shi ne wahalar da ɗalibi zai sha wajen rubuta ta, tunda ta cikin wahalar nan ilimi ke shiga. In ɗalibi ya ɗauki aikin ya miƙa wa wani ya biya shi, takarda za ta fito tsaf, amma gonar da aka so a nome, wato kan ɗalibin, tana nan da ciyawarta.

Wannan ɗabi'a tsohuwa ce. Tun a shekarun 1970 hukumomi a Amurka suke kai kamfanonin sayar wa ɗalibai rubutu kotu. Amma sai a 2006 aka raɗa mata sunan da masana ke kiran ta da shi yau, wanda a Hausance za mu ce maguɗin kwangila. Malamai biyu masu koyar da ilimin kwamfuta a Birmingham ta Ingila, Robert Clarke da Thomas Lancaster, su ne suka lura cewa ɗalibai na kwasar jingar da aka ba su suna zubawa a wani shafi mai suna RentACoder, inda masu neman aiki ke yin tayi, mai aiki ya zaɓi wanda farashinsa ya yi masa. Daidai yadda ake neman ɗan kwangilar gina kwalbati.

Wajibi ne a bambanta wannan da satar fasaha, domin rashin bambantawar ne ya sa jami'o'i da yawa suka daɗe suna barci. Mai satar fasaha yana kwafo abin da wani ya riga ya wallafa ya ce nasa ne. Shi kam akwai maganinsa: manhajoji irin su Turnitin suna gwada rubutun ɗalibi da miliyoyin rubuce-rubucen da ke rumbunsu, su nuna inda aka yi kama. Mai maguɗin kwangila kuwa sabon rubutu ake yi masa fil, wanda babu shi a ko'ina. Manhaja za ta duba ta ce babu laifi, kuma gaskiya ta faɗa, domin tambayar da aka yi mata ita ce "an kwafo?" ba "wa ya rubuta?" ba. Har ma masu sana'ar sun mayar da manhajar abin talla: suna yi wa mai saye alƙawarin cewa aikinsu zai tsallake ta, wasu su haɗa masa da rahoton gwajin a matsayin shaida. Wato ƙarfin da aka sa wajen toshe ƙofar kwafe shi ya ƙara wa kasuwar saye ciniki.

Ostireliya ta farka ne a watan Nuwamba na 2014, lokacin da jaridar Sydney Morning Herald ta tona asirin wani kamfani mai suna MyMaster. Shafin kamfanin da Sinanci yake, kuma ɗaliban da suka zo karatu daga ƙasar Sin yake farauta. Masu shi sun yi sakaci sun bar takardun ciniki a buɗe, 'yan jarida suka tarar da rasitai da ayyukan da aka saya. Abin da ya fito ya girgiza ƙasar: ɗalibai kusan 1,000 daga jami'o'i 16, wasu sun biya har dala 1,000 ta ƙasar a kan aiki ɗaya. Aka kori wasu, aka dakatar da wasu, Jami'ar Macquarie ma ta ƙwace digirin mutum biyu da suka riga suka kammala. Abin da ya fi damuna a labarin shi ne cewa ba jami'a ce ta gano ba. Ayyukan nan duk sun bi ta hannun malamai, an duba su, an ba su maki, an wuce. Da kamfanin ya kulle taskarsa da kyau, da har yau babu wanda ya sani.

Daga nan aka shiga tambayar yawan masu yi. A 2018 Philip Newton na Jami'ar Swansea da ke Birtaniya ya tattara binciken da aka yi tun daga 1978, wanda ya ƙunshi ɗalibai sama da 54,000. Ya samu cewa a tsawon lokacin, kimanin kashi 3.5 cikin ɗari ne suka amsa cewa sun taɓa biyan wani ya yi musu aiki, amma a binciken da aka yi daga 2014 zuwa 2018 adadin ya kai kashi 15.7, kusan mutum ɗaya cikin shida. Ni dai ina riƙe waɗannan alƙaluma da taka-tsantsan, domin tambayar mutum aka yi ko ya yi maguɗi, kuma wanda ya yaudari malaminsa ba zai ji nauyin yaudarar takardar tambaya ba. In akwai kuskure a lissafin, ta wajen ƙaranci ya fi yiwuwa.

Binciken da ya fi amfani a ganina shi ne wanda marigayiya Tracey Bretag ta Jami'ar Kudancin Ostireliya ta jagoranta, inda aka tambayi ɗalibai sama da 14,000 a jami'o'i takwas na ƙasar. Kimanin kashi 6 cikin ɗari suka amsa laifi. Amma ba adadin ne abin lura ba, dalilan ne. Abubuwa uku suka fi raɓar masu yi: rashin gamsuwa da yadda ake koyar da su, ganin cewa ƙofar maguɗin a buɗe take, da kasancewar ba Ingilishi ake yi a gidansu ba. Sannan binciken ya nuna cewa yawancin masu neman a yi musu aiki ba kamfani suke zuwa ba. Aboki ne, ko ɗan'uwa, ko wanda ya yi kwas ɗin bara. Wannan kuwa babu dokar toshe shafin intanet da za ta kai gare shi.

Kamfanonin su ma ba yadda mai saye ke zato suke ba. Shafi zai fito da tutar Birtaniya ko hoton ginin jami'a, da lambar waya ta Landan ko Sidni, yana cewa marubutansa masu digirin digirgir ne daga manyan jami'o'i. A bayan labule sau da yawa dillali ne kawai. Yana karɓar kuɗin, ya yanki kaso mafi tsoka, ya tura aikin ga marubuci a wata ƙasa. Kenya ta yi suna a wannan fage, musamman Nairobi, inda dubban matasa da suka gama jami'a ba su sami aiki ba suke kwana gaban kwamfuta suna rubuta wa ɗaliban Amurka da Birtaniya da Ostireliya jinga, ana biyan su shafi-shafi. Farfesa Patricia Kingori ta Jami'ar Oxford, wadda haifaffiyar Kenya ce, ta daɗe tana nazarin rayuwarsu. Yau mutum ya rubuta a kan aikin jinya, gobe a kan shari'a, jibi a kan tattalin arziki. A can ma akwai ubangida da yara: mai asusu a shafin kamfani yana karɓo aiki ya rarraba wa na ƙasa da shi a kan ladan da bai taka kara ya karya ba. Duk lokacin da na tuna wannan sai raina ya sosu. Mai ilimin yana Nairobi ba shi da aiki, mai takardar shaidar yana wata ƙasa ana damƙa masa majinyata ko ginin gada.

Shi ma mai sayen bai tsira ba. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, a yi dubu ba a fito ba. Wanda ya sayi aiki ya ba da sunansa, da jami'arsa, da shaidar biyan kuɗi, wani lokaci har da lambobin sirrin shiga shafin karatunsa. Daga ranar yana hannunsu. An sha samun ɗaliban da aka dawo ana yi musu barazana: ko su ƙaro kuɗi ko a kai ƙararsu makaranta. Kuma barazanar ba ta ƙarewa da bikin yaye ɗalibai, tunda jami'a na da ikon ƙwace digiri ko bayan shekaru. Wani bincike na Jami'ar Curtin da ke yammacin Ostireliya ya gano cewa kusan kashi 90 cikin ɗari na ɗaliban da aka tambaya ba su san da wannan haɗari ba.

Sai aka juya ga doka. Niyu Zilan ce ta riga maƙwabciyarta, tun 2011 ta haramta sana'ar da tallarta. Ayilan ta bi a 2019. Ostireliya ta yi tata a 2020: duk wanda ya yi wannan aiki don kuɗi, ko ya tallata shi, yana iya shan ɗaurin shekara biyu da tarar da ta haura dala 100,000 ta ƙasar, ko da daga wajen ƙasar yake aikin. Ingila ta shigo a 2022, shekara huɗu bayan shugabannin jami'o'i sama da 40 sun rubuta wa ministan ilimi suna roƙon haka. Abin da na yaba a dokar Ostireliya shi ne ba ta mayar da ɗalibi ɗan fursuna ba. Hukuncinsa yana hannun jami'arsa, doka kuma ta fuskanci ɗan kasuwa. Hikimar a fili take: in ɗalibi ya san kurkuku ke jiransa, wanda ake yi wa barazana ba zai taɓa buɗe baki ba, mai barazanar kuma ya sami ƙarin makami.

Hukumar kula da ingancin manyan makarantu ta ƙasar, TEQSA, ita aka damƙa wa aiwatarwa. A 2021 ta samo umarnin kotu na toshe shafi na farko. A watan Agusta na 2022, bayan ta yi yarjejeniya da kamfanonin sadarwa, ta toshe shafuka 40 a tashi ɗaya, waɗanda ake ziyarta kimanin sau 450,000 a wata. Daga baya adadin ya kai ɗaruruwa. An kuma matsa wa masu ba su hanya. A Birtaniya, bayan BBC ta gano a 2018 cewa tashoshin YouTube sama da 250 suna tallata wani kamfanin sayar da rubutu, an sauke bidiyoyi masu yawa, kuma a 2019 kamfanin biyan kuɗi ta intanet PayPal ya ce zai daina karɓar musu kuɗi.

Duk wannan ya yi amfani, ba na musu. Ya cire wa sana'ar rigar mutunci, ta yadda ɗalibi ba zai ce ya ɗauka taimakon karatu ne halastacce ba. Amma toshe shafi kamar datse ruwa ne da kara. A rufe wannan suna yau, gobe a buɗe da wani. Wanda ke zaune a wata nahiya ba ya jin tsoron sammacin kotun Sidni. Kuma cinikin ya daɗe da komawa inda hukuma ba ta gani, cikin WhatsApp da WeChat da Telegram, inda wakilan kamfani ke shiga zaurukan ɗalibai da sunan su ma 'yan aji ne.

Wasu malamai sun gwada dabarar tsara aikin da ba zai sayu ba. Suka ce a rage wa'adi, a ba da kwana biyu maimakon mako biyu. Sai ta bayyana cewa masu sana'ar sun fi ɗalibi sauri, aikin gaggawa ma ƙarin kuɗi ne a wurinsu, ɗalibin kirki kuma shi ke shiga matsi. Binciken Bretag ya nuna cewa ɗalibai da kansu suna ganin aiki mai gajeren wa'adi da aiki mai ɗauke da maki mai yawa su ne aka fi kaiwa kasuwa. Waɗanda suka ce sun fi wuyar sayuwa su ne aikin da ake yi a cikin aji, da wanda ya shafi abin da ɗalibin ya gani da idonsa a wurin koyon aiki, da wanda aka keɓance masa shi kaɗai, da kuma zama gaban malam a amsa tambayoyi baki da baki. In ka duba su duka, abu ɗaya ya haɗa su: akwai malamin da ya san ɗalibin.

A nan ne zuciyar maganar take. A Jami'ar Deakin, Phillip Dawson da Wendy Sutherland-Smith sun sayi ayyuka daga kamfanoni, suka cakuɗa su da na ɗalibai na gaskiya, suka ba masu dubawa tare da gaya musu su sa ido. Masu dubawar suka gano kusan kashi 60 cikin ɗari na sayayyun. Da aka ba su ɗan horo, abin ya haura kashi 80. Ashe ido na gani. Sayayyen aiki yana da alamu: yakan kewaye tambaya bai shige ta ba, ba ya ambaton abin da aka tattauna a aji, yakan jero madogaran da ba su dace ba ko waɗanda babu su sam. Wani lokaci ma sunan marubucin na ainihi yana nan a ɓoye cikin bayanan fayil ɗin. Jami'ar New South Wales ta ɗauki ma'aikata na musamman da ke bin irin wannan sawu, har da duba daga wace ƙasa aka shiga shafin karatun ɗalibi, kuma adadin waɗanda take kamawa ya yi tashin gwauron zabo. Maguɗin bai ƙaru dare ɗaya ba, masu nema ne aka samu.

To me ya hana sauran malamai gani? A tambayoyin da ayarin Bretag ya yi wa malamai, kimanin biyu cikin uku sun ce sun taɓa zargin aikin da ke gabansu sayayye ne, amma da yawa ba su kai maganar gaba ba, saboda wuyar kafa hujja da cin lokaci. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Karatun baƙi babbar haja ce ga Ostireliya, a 2019 ya shigar mata da kusan dala biliyan 40 ta ƙasar. Jami'o'i na karɓar makudan kuɗi daga yaran da Ingilishinsu bai nuna ba, su zuba su a aji mai ɗaruruwan mutane, sannan su miƙa duba ayyukansu ga malaman wucin gadi. Hukumar kare haƙƙin ma'aikata ta ƙasar ta kai Jami'ar Melbourne kotu a kan biyan irin waɗannan malamai da ma'aunin da aka yanka musu, kamar kalma 4,000 a awa ɗaya, maimakon ainihin lokacin da suka ɓata, kuma jami'ar ta mayar wa ma'aikata miliyoyin daloli da ta tauye musu. Ka dubi zaren: ɗalibi ya ba da jinga, marubuci a Nairobi ya yi ta a kan ladan shafi, mai dubawa ya duba ta a kan ladan kalma. Kowa ɗan jinga ne, babu wanda ya san fuskar wani. Malamar da ake biya haka, in ta tsaya bin diddigin aikin da take zargi, daga lokacin 'ya'yanta take ɗiba, kuma babu mai biyan ta. Jami'ar da ta kori ɗalibi ta bar wannan tsari yadda yake, ta bar jaki tana dukan taiki.

Ana cikin haka, a ƙarshen Nuwamba na 2022, ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira mai yin rubutu da kanta, ya fito. Abin da ake biyan dala ɗari a jira kwana uku, yanzu na'ura na yin sa cikin daƙiƙu, kusan kyauta. Marubutan Kenya na cikin waɗanda suka fara ji a jikinsu, domin ciniki ya ja baya. Sana'ar dai ba ta mutu ba: wasu sun koma tallar cewa nasu rubutun ɗan Adam ne da ba za a kama ba, wasu suna gyara abin da na'ura ta rubuta, wasu kuma suna karɓar kwas ɗin gaba ɗaya su yi wa mutum daga farko har jarrabawa. Jami'o'i suka sake rugawa wajen manhaja, wannan karon mai gano rubutun ƙirƙirarriyar basira. Nan ma aka yi tuntuɓe. Kamfanin OpenAI, mai ChatGPT, da kansa ya janye tasa manhajar a Yulin 2023 saboda yawan kuskure. Masu bincike a Jami'ar Stanford sun gwada irin waɗannan manhajoji da rubutun mutanen da Ingilishi ba harshen uwa ba ne gare su, sai suka yi wa fiye da rabi ƙazafin cewa na'ura ce ta rubuta. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin yaranmu da ke karatu a Birtaniya da sauran ƙasashe suna cikin wannan rukuni, kuma ɗan da ya yi aikinsa da guminsa yana iya tsintar kansa gaban kwamitin ladabtarwa.

Jami'ar Sidni ta ɗauki hanyar da nake ganin ta fi kusa da gaskiya. Ta raba gwaji gida biyu. Akwai wanda ake yi a gaban ido, rubutu a ɗakin jarrabawa ko hira da malam ko gwajin aikin hannu, kuma da shi ake tabbatar da cewa mutum ya iya. Akwai kuma na gida, wanda aka yarda ɗalibi ya yi amfani da na'ura a cikinsa don koyo, ba tare da an yaudari kai cewa za a iya tsare shi ba.

Mu a nan gida ba baƙin wannan ciniki ba ne. Duk wanda ya yi jami'a ko kwalejin ilimi ko ta kimiyya da fasaha a Najeriya ya san shagunan buga takardu na bakin ƙofa inda ake raɗa maka cewa akwai furojet, babi na ɗaya zuwa na biyar, sai dai a canza suna da sunan ƙaramar hukuma. Kwamitin Shugabannin Jami'o'in Najeriya ya fito da manhajarsa ta kama kwafe mai suna EagleScan a 2021, kuma za ta taimaka wajen kama tsohon kundin da aka sake wa bango. Wanda aka rubuta sabo kuwa zai wuce ta kamar yadda yake wuce Turnitin.

Amma muna da abin da su can suke ƙoƙarin ginawa yanzu. Bisa al'ada, yawancin jami'o'in Ostireliya ko mai digirin digirgir ba sa tsayar da shi ya kare kundinsa da baki, sai a 'yan shekarun nan wasu suka fara. Mu kuwa har mai digirin farko yana tsayawa gaban malamai. Kafin boko ma haka karatun zaure yake: ka buɗe littafi gaban malam ka biya, ya tsayar da kai ya tambaye ka, kuma babu wanda zai yi maka hadda a kan kuɗi. Matsalarmu ita ce mun bar kare kundi ya zama al'ada kawai. Na taɓa zama a irin wannan ɗaki, ɗalibai sun yi layi har waje, kowa minti biyu ko uku, rabinsu ya tafi a gyaran shafin godiya. Da aka sami wani malami ya tambayi wata ɗaliba a wace unguwa ta raba takardun tambayoyinta kuma wa ya raka ta, sai ɗakin ya yi tsit. Tambayar ba ta buƙaci manhaja ba. Ba a yi wa sauran irinta ba saboda la'asar ta yi kuma saura mutum arba'in a waje.

Lissafin ba shi da wuya. Aji mai ɗalibai 300, in za a ba kowa minti goma na hira ta gaskiya a kan aikinsa, awa 50 ke nan, fiye da mako guda na aikin malami ɗaya, a kwas ɗaya, a zango ɗaya. Haka mai duba kundi da aka ɗora wa ɗalibai talatin ba zai iya ganin daftarin kowa babi-babi ba, balle ya gane ranar da salon rubutun yaro ya sauya. Kuɗin lasisin manhaja ana biyan sa sau ɗaya a shekara a sa a rahoto. Awa hamsin ɗin nan kuwa sai an ɗauki ƙarin malamai, an rage yawan waɗanda ake ɗiba a kowane aji, an kuma rubuta lokacin cikin aikin da ake biyan malami albashi a kansa, a Melbourne ne ko a Kano.